Ga masu shiga Tafkin Madarunfa na jihar Maradi da kwale-kwale

Jama'a, kafin a tura kwale-kwale a duba gindinsa tun yana tudu. Katakon da ya kwana biyu a rana yakan buɗe a mahaɗa. A cusa tsumma a shafe da kwalta, a bar shi ya jiƙa a bakin ruwa kafin a yi nisa da shi. A ɗauki filafili biyu, da ƙwaryar kwalfe ruwa a ɗaure da igiya.

Wanda ba shi da rigar ceto ya samu bidon, wato jarka, mai lita 20, fanko, marufinsa a ɗaure tam. Yana ɗaukar nauyin kusan kilo 20 a ruwa, ya isa ya riƙe kan mutum a sama.

Abin da ya fi kifar da jirgi shi ne jawo ragar kamun kifi, koma ko kalli, daga gefe, mutum yana tsaye. Nauyi ya koma ɓangare guda, shi ke nan. A durƙusa a ja ta goshin jirgi, abokin tafiya ya zauna a baya. In ragar ta maƙale a kututture a yanke ta, kada a yi gardama da ita. Igiyar mamari kuwa, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, kada ta naɗe ƙafa, wuƙa ta kasance a ƙugu.

Da damina, hadari daga gabas yake tasowa, iska kuma takan riga ruwa isowa. Gabas ta yi baƙi, a nufi gaɓa mafi kusa, ko da ba ta gida ba ce. In igiyar ruwa ta cim muku, a tare ta da goshin jirgi. In ya kife a riƙe shi, katako ba ya saurin nitsewa.