Yadda na hana allurar garmaho tsalle a faifan kiɗan heavy metal

Alhamdu lillahi, allurar ta daina tsalle. Abin da ke faruwa shi ne, faifan kiɗa mai sanyi yana tafiya lami lafiya, amma in na ɗora na heavy metal, wato kiɗan rock mai tsananin ƙara, da ganguna biyu na ƙafa sun fara rugugi sai ta tsallake layi, jita kuma ta riƙa ƙarar yagewa.

Na goge faifan, na sauya allura, duk a banza.

Ashe nauyin da hannun garmahon, wato sandar da ke riƙe da allura, yake ɗorawa a kan faifai ne bai kai ba. Takardar allurata ta ce giram 1.8 zuwa 2.2, ƙaramin sikeli kuma ya nuna 1.2. Sai na mayar da maɓallin anti-skate, wanda ke hana hannun zamewa zuwa tsakiyar faifai, kan 0, na murɗa ƙarfen nauyin da ke bayan hannun har hannun ya tsaya a miƙe a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Na riƙe ƙarfen, na juya zoben lambobin kawai zuwa 0. Daga nan na murɗa su tare zuwa 2, anti-skate shi ma 2.

Na kuma sauke lasifika daga teburin garmahon, domin girgizar bass, wato sauti mai kauri, tana komawa cikin allura. Kada a ɗora kwabo a kan hannun don ƙara nauyi, cin faifai yake yi.

Na gode wa mai gyaran rediyon da ya ara mini sikeli.