Darasi na Tara: Girgizar Ƙasa da Motsin da Kan Riga Ta Zuwa

A watan Satumba na 2016, mutanen Kwoi da ke ƙaramar hukumar Jaba, nan cikin jiharmu ta Kaduna, sun ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafafunsu. Bangon wasu gidaje ya tsage, jama'a suka firgita. Bayan shekara biyu, a Satumban 2018, aka sake jin irinsa a Mpape da ke Abuja. Saboda haka kada wani a ajin nan ya ce wannan darasi na mutanen Japan ne. Duk wanda ya sauke izifin ƙarshe ya san kalmar zalzala. Yau za mu koyi kalmomin da ake ji a rediyo.

Ɓawon ƙasa ba dunƙule yake ba. Manyan faifai ne na dutse a haɗe, kamar fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke. Faifan suna tafiya sannu, 'yan santimitoci kaɗan a shekara. Inda suka cije da juna, ƙarfi yakan taru shekara da shekaru, ranar da dutsen ya suɓuce sai doron ƙasa ya amsa. Wannan ita ce girgizar ƙasa. Layin da dutsen ya karye shi ne tsagar ƙasa, wurin da ke daidai saman inda abin ya faro kuwa shi ne cibiyar girgiza. Zariya tana zaune kan tsohon dutse mai ƙwari, irin wanda ya fito fili a Kufena, kuma tana nesa da bakin faifan. Shi ya sa abin da ake ji a ƙasarmu yawanci ƙarami ne, wanda 'yan jarida ke kira motsin ƙasa.

Ana auna ƙarfin girgiza da maki. Za ku ji an ce ma'aunin Richter, sunan masanin Amurka da ya fito da shi a 1935. Ku lura sosai a nan: maki 6 bai fi maki 5 da ɗan kaɗan ba, ƙarfinsa ya ninka wajen sau 32. Wadda ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, maki 7.8 ce, ta kashe mutum sama da 50,000.

Wani lokaci ƙananan motsi kan riga babbar zuwa. Mu kira su girgizar share fage. Waɗanda ke zuwa bayanta kuma su ne masu biyo baya, kuma suna iya ɗaukar makonni ko watanni. Su ne ke ƙarasa ginin da ya riga ya tsage.

Girgizar share fage tana da wuyar sha'ani, domin ba ta da wata alama da ta bambanta ta da sauran. Sai babbar ta zo ake waiwayawa a ce ashe waccan share fage ce. A garin Haicheng na ƙasar Sin, a Fabrairun 1975, ƙananan motsi sun yawaita, hukumomi suka fitar da mutane daga gidaje kafin babbar ta sauka, rayuka da yawa suka tsira. Shekara ɗaya bayan nan, a 1976, babbar girgiza ta afka wa garin Tangshan, shi ma a ƙasar Sin, ba tare da irin wannan gargaɗi ba, mutum sama da 240,000 suka mutu. Akasarin ƙananan motsi kuma wucewa suke yi, babu abin da ke biyo su. Don haka in an turo muku saƙo a WhatsApp cewa za a yi girgiza ranar kaza da ƙarfe kaza, ku sani ƙarya ce, kada ku tura wa kowa. Har yau babu masanin da ya iya faɗin rana.

Ba kuma kowace jijjiga ce motsin ƙasa ba. Tirela mai kaya in ta bi titin Kano takan sa taga ta yi kakkarwa, haka nakiyar masu fasa dutse. Gangaren da ya zubo bayan ruwan Agusta kuwa zaftarewa ce.

In kun ji ƙasa na motsi, ku durƙusa, ku kare kai da wuya, ku shiga ƙarƙashin tebur mai ƙwari in akwai. In kuna waje, ku nisanci katanga da turken wutar lantarki. Da ta lafa, a kashe murhu ko gas, a fito da yara da tsofaffi fili. Ɗakin soron da azararsa ta goce ko bangonsa ya dare, kada a koma kwana a ciki sai magini ya duba.

Aiki: kowa ya rubuta kalmomin nan a littafinsa sau uku: girgiza, motsi, tsaga, cibiya, maki. Sannan ku haɗu bibbiyu. Ɗaya ya zama mai unguwa, ɗaya ya kawo rahoto, ya fara da cewa, "Ranka ya daɗe, jiya bayan isha'i mun ji motsin ƙasa a unguwarmu." Ya faɗi tsawon lokacin da ya ɗauka, da abin da ya faɗo ko ya tsage, da ko maƙwabta ma sun ji. Ku rubuta rahoton cikin jimla huɗu, ku zo da shi mako mai zuwa.