Yadda ake kallon wasannin waƙa kan 'yancin Amurka ba tare da rikita tarihi ba

Duk mai niyyar kallon wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe a kan 'yancin kan Amurka ya kamata ya fara sanin abin da ya faru kafin a ɗaga labule, domin fitattun wasannin biyu, wato "1776" da aka soma nunawa a 1969 da "Hamilton" na 2015, duk sun kama labarin ne bayan rigima ta yi nisa.

Tushen rigimar kuɗi ne da wakilci. Yaƙin Shekara Bakwai ya ƙare a 1763 ya bar Ingila cikin bashi, sai majalisarta ta ɗora wa yankunan mallakarta na Amurka haraji, ciki har da harajin hatimi na 1765 a kan takardu da jaridu, alhali mazauna yankunan ba su da wakili ko ɗaya a majalisar. A Disamba 1773 masu bore suka zubar da akwatin shayi 342 a tashar jiragen ruwa ta Boston, a Afrilu 1775 kuma aka soma musayar wuta a Lexington da Concord. Wanda ya riƙe wannan jeri zai gane dalilin zafin John Adams, jagoran masu neman ɓallewa a wasan "1776", a kan dandamali.

Sannan mai kallo ya lura da wuraren da aka matse lokaci. Wakilan yankuna 12 cikin 13 da suka taru a Filadelfiya sun amince da ɓallewa ranar 2 ga Yuli 1776, aka amince da rubutun sanarwar 'yancin kai ranar 4, amma yawancinsu ba su sa hannu ba sai 2 ga Agusta. Wasan "1776" ya haɗe sa hannun da ranar 4, kuma a ganina wannan ba laifi ba ne, tunda dandamali yana buƙatar rufewa guda. Haka a "Hamilton", an nuna Angelica Schuyler ba ta da aure lokacin da Alexander Hamilton, wanda wasan ke ba da labarinsa, ya shiga gidansu neman ƙanwarta, alhali tana da aure tun 1777.

Inda ya fi buƙatar natsuwa shi ne batun bauta. Gaskiya ne Thomas Jefferson, wanda ya tsara daftarin sanarwar, ya rubuta sakin layi a ciki yana la'antar cinikin bayi, wakilai kuma suka cire shi, amma ficewar wakilan kudu daga zaure da "1776" ya nuna ƙari ne na marubutan wasan. Jefferson da kansa ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa, gidan Schuyler ma yana da bayi, abin da "Hamilton" bai tsaya a kansa ba. Saboda haka, bayan an gama kallo, a nemi daftarin Jefferson na farko a karanta shi tare da sanarwar da aka amince da ita, a ga abin da aka goge.