Yadda Ake Zaɓen Editan Rubuta Kod Ba Tare da Ɓata Sati Guda Ba

Kusan duk matashin da ya zo wurina yana son koyon rubuta manhaja, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, wane edita ne ya fi kyau?" (Edita shi ne manhajar da ake rubuta kod a cikinta.) Sai in tambaye shi RAM nawa ke cikin laftof ɗinsa, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, sai ka ga ya yi shiru yana sosa ƙeya. To daga nan ya kamata ka fara, domin ƙarfin kwamfutarka ne zai yi maka rabin zaɓin.

Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka duba Memory. In ka ga 4GB, kamar yawancin laftof ɗin hannu da ake saye da araha, ka rabu da manyan manhajoji irin su PyCharm da Android Studio. Android Studio yana buƙatar 8GB a ƙalla, in kuma za ka kunna wayar gwaji ta cikinsa, gara 16GB. Na sha ganin yaro ya ƙone data ɗinsa wurin sauke shi, daga ƙarshe kwamfutar ta tsaya cak, fanka na ihu kamar injin markaɗe. Mai 4GB ya ɗauki Sublime Text, yana buɗewa kafin ka ƙifta ido. Na kuɗi ne a ƙa'ida, amma za ka iya amfani da shi kyauta, sai dai lokaci-lokaci ya fito da saƙo yana tuna maka ka biya. In yaren rubuta manhaja na Python kake koya, Thonny ya fi maka. A Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya aka ƙirƙiro shi saboda masu koyo, kuma yana zuwa da Python a cikinsa.

Mai 8GB ko sama kuwa, VS Code zai saka, ba sai an yi dogon musu ba. Microsoft ne suka fitar da shi a 2015, kyauta ne, kuma kusan duk darasin bidiyon da za ka bi da shi ake yi. An gina shi a kan Electron, wato da injin burauzar Chromium a cikinsa, shi ya sa yake cin RAM fiye da Sublime. In wani tsohon darasi ya ce ka saka Atom, wuce, kamfanin GitHub da ya ƙirƙiro shi ya daina kula da shi tun Disambar 2022. Vim kuma ka bar wa gaba. Edita ne na ƙwarai tun 1991, amma mai koyon da ko fita daga cikinsa bai iya ba zai kwashe mako yana faɗa da madannai bai rubuta komai ba.

Yanzu ga wurin da mutane ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Edita allo ne kawai da kake rubutu a kai, ba shi ke gudanar da kod ɗin ba. Saka VS Code bai saka maka Python ba. Lokacin da na fara, kwana uku na yi ina cire editan ina mayarwa, ina zarginsa, alhali laifin na wani ɗan akwati ne da ban danna ba.

Ka je python.org ka sauko da Python. Da ka buɗe fayil ɗin girkawa, kada ka yi gaggawar danna Install Now. Dubi can ƙasan shafin farko, akwai akwatin da aka rubuta "Add python.exe to PATH". Danna shi tukuna. PATH jerin wurare ne da Windows ke leƙawa duk lokacin da ka kira wata manhaja da sunanta. In Python ba ya cikin jerin, ko da yana zaune a kwamfutar, Windows zai ce bai san shi ba, ko ya buɗe maka Microsoft Store.

Bayan girkawa, rufe VS Code gaba ɗaya ka sake buɗewa, domin tagar da ke buɗe tun farko ba ta ganin sabon PATH. Shiga Terminal, ka zaɓi New Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta python --version. In ya nuna maka lamba mai farawa da 3, ka tsira. In ya ƙi, ba sai ka cire komai ba: sake buɗe fayil ɗin girkawar, zaɓi Modify, wuce shafin farko, sannan ka danna "Add Python to environment variables". Daga nan ka saka ƙarin manhajar (extension) Python ta Microsoft a cikin VS Code, ka danna Ctrl, Shift da P, ka rubuta "Python: Select Interpreter", ka zaɓi wanda ka girka. Mai laftof ɗin da ya gada daga yayansa ya kula sosai a nan, sau da yawa akwai Python biyu ko uku a ciki. Sai ka girka laburare, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta, a ɗaya, editan kuma yana aiki da ɗayan, ka rasa dalilin da ya sa yake cewa babu shi.

Wani tarkon shi ne sunan fayil. Windows na ɓoye ƙarshen sunaye, sai ka ajiye gwaji.py alhali ainihin sunansa gwaji.py.txt ne. Kunna "File name extensions" a File Explorer tun yau. Kuma ka riƙa buɗe folda gaba ɗaya da Open Folder, kada ka buɗe fayil ɗaya tilo.

Ƙarin manhajoji kuma, biyu sun ishe ka a watan farko. Mai koyon HTML, yaren gina shafukan intanet, ya saka Live Server, mai nuna masa shafinsa a burauza. Code Runner ba na ba da shawararsa, domin a saitinsa na asali yana fitar da sakamako a tagar da ba a iya rubutu a ciki, sai shirin da ke jiran ka shigar da suna ya tsaya kamar ya lalace. Neman kala mai kyau da fuskar rubutu ma ka bari sai ka samu datar dare.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Kunna Auto Save a ƙarƙashin File, musamman in batirinka ya mutu kuma ana yawan ɗauke wuta a unguwarku. Dubi ƙasan tagar daga dama ka tabbatar an rubuta UTF-8, wato tsarin adana haruffa, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ za su iya rikiɗewa su zama alamomin da ba a gane su. Saka Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod ɗinka, ka buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, ko ba ka gama gane su ba yanzu. Wanda ba shi da laftof sam ya fara da Pydroid 3 ko Acode a wayar Android, amma ya sayi ƙaramin madannai na Bluetooth, don rubuta baka-biyu da aya-biyu da babban yatsa a gilashin waya yana saurin gundurar mutum.