Yadda Ake Haska Tsoka da Leza Mai Ƙaramin Ƙarfi

Kafin a kunna na'urar, ya kamata a san cewa leza mai ƙaramin ƙarfi ba ta sa tsoka ta tsuke yadda wutar lantarki ke yi. Tsoka tana tsukewa ne idan saƙon jijiya ya sa an saki kalsiyam a cikin zarenta, sai aktin da mayosin, sinadaran furotin biyu da ke cikin zaren, su ja juna, kuma kowane ja yana cin sinadarin ATP, wanda shi ne makamashin ƙwayoyin jiki. Bayanin da masana suka fi karɓa game da aikin leza shi ne haskenta yana shiga mitokondiriya, ƙananan sassan cikin ƙwayoyin jiki inda ake samar da ATP ɗin. Don haka abin da ake nema shi ne jinkirta gajiya, ba motsa tsokar ba. Endre Mester, likita ɗan ƙasar Hangari, shi ne ya fara lura da tasirin wannan haske a jikin ɓeraye a 1967.

Da farko a duba tsawon zangon hasken da aka rubuta a jikin na'urar, wanda ake aunawa da nanomita. Jan haske na wajen nanomita 660 ba ya nisa a ƙarƙashin fata, amma na nanomita 810 zuwa 850 ya fi ratsawa, shi ya sa ya fi dacewa da tsoka mai kauri irin ta cinya. Ido ba ya ganin wannan na biyun sosai, ba ya kuma ƙiftawa don ya kare kansa, saboda haka dole mai haskawa da wanda ake haskawa su sa tabarau na kariya.

Lissafin adadin hasken da za a ba tsoka shi ne inda aka fi yin kuskure. Ana ninka ƙarfin na'urar da daƙiƙoƙi: miliwat 100 (wato wat 0.1) na tsawon daƙiƙa 30 ya ba da jul 3 a wuri ɗaya (jul shi ne ma'aunin makamashi). Ƙara lokaci ba ƙara amfani ba ne, domin idan adadin ya wuce kima tasirin yakan ragu, abin da masu gaggawa ba sa son ji.

A goge fatar ta bushe, a ɗora kan na'urar a miƙe ya manne da ita, sannan a bi tsakiyar tsokar wuri bayan wuri kafin fara motsa jiki. Fata mai duhu da wurin zanen tatu sun fi shan haske, don haka idan wurin ya ɗau zafi sai a ɗage. Ba a haska ido, ko cikin mai juna biyu, ko wurin da ke da ciwon daji.