Yadda na raba wa ɗalibaina ninki da juyi a darasin lissafi

'Yan JSS 2 da nake koyarwa a Gombe sun daɗe suna cakuɗa siffar da ake ninkewa rabi ya hau rabi, da wadda ake juyawa ta koma yadda take. Duk zanen da ya yi musu kyau, sai su ja masa layi a tsakiya.

Na sa kowa ya kwafo tambarin mota sau biyu, ɗaya a littafi, ɗaya a takarda mai shara-shara. Na Toyota ninki ɗaya gare shi, daga sama zuwa ƙasa, kuma ba ya dawowa daidai sai ya yi cikakken zagaye. Tauraron Mercedes layin ninki 3 gare shi, yana komawa mazauninsa kowane digiri 120.

S ɗin Suzuki ce ta warware matsalar. Sun ninke ta ta kowane ɓangare, ta ƙi haɗuwa. Muka ɗora takardar kan littafi, na soka allura a tsakiya, muka juya digiri 180, ta zauna daram. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe kowanne hanyarsa daban!"

Yanzu kowane rukuni yana zana wa telan unguwarsu tambari mai juyi 4, wato mai komawa mazauninsa sau 4 a zagaye ɗaya, wanda ba shi da layin ninki. Wannan ya fi ba su wuya, kuma a nan nake gane wanda ya fahimta.