Darasi na Tara: Kafin Ka Sayi Fili, Kafin Ka Aza Bulo

A Kano idan dillali ya ce maka ga fili, kada ka fara da tambayar kuɗi. Fara da wannan: "Malam, awon gwamnati ne ko awon igiya?"

Awon igiya shi ne mai gona ya kira dillali su yanka gonar fuloti-fuloti su sayar. Mai gona so yake kowace ƙafa ta zama kuɗi. Shi ya sa layi yake fitowa siriri, wani ko motar kashe gobara ba ta shiga. Ba a bar wa kwata hanya ba, ba filin makaranta, ba maƙabarta. A awon gwamnati kuwa, takarda ake fara zanawa kafin a taɓa ƙasa. A kan taswirar za a fitar da titi da faɗinsa, da inda ruwan sama zai bi, da wurin makaranta, asibiti, kasuwa da masallaci. Abin da ya rage shi ake yanka wa gidaje, kowane fuloti da lambarsa. Wannan zanen da tsare shi daga masu cin iyaka shi ne aikin masu tsara birni.

Su wane ne, kuma wa ya ba su iko?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Kai da ka sayi fili, izinin zama da amfani ka mallaka. Takardar wannan izini ita ce satifiket, wadda ake kira C of O, kuma ta gidan zama yawanci shekara 99 ce.

Ƙofa biyu ce, kuma mutane suna yawan rikita su. Ma'aikatar Ƙasa da Tsare-tsare, tare da KANGIS mai ajiye taswira da bayanan filaye a kwamfuta, ita ta san fili na wane ne. KNUPDA, hukumar tsara birni, ita take cewa ga abin da za a gina a kansa da yadda za a gina shi. Mai satifiket ma sai ya nemi izinin gini. Tsara Kano ba yau aka fara ba, an taɓa yi mata tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Amma gari ya daɗe da fin ƙarfin wancan zane. Yanzu birnin ya haɗe ƙananan hukumomi 8: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma awon igiya yana riga masu taswira isa gonakin gefen gari.

Matakan saye

Karɓi kwafin takardar filin tun ba ka ba da ko kafin alƙalami ba. Nemi lambar fayil. Haruffan da ke jikinta suna da ma'ana, kuma ko mai koyon karatu zai iya gane su: RES gidan zama, COM kasuwanci, IND masana'anta.

Kai lambar ma'aikatar ƙasa, ka biya kuɗin bincike, ka karɓi rasit. Abu huɗu kake son sani. Sunan wa ke cikin fayil? An jinginar da filin a banki? Akwai shari'a a kansa? An soke takardar? Nan ne ake gano fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu.

Daga nan ɗauki safiyo mai rajista ku je wurin. Ya nuna maka turakun siminti na kusurwa huɗu, ya auna a gabanka. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 kusan mita 15 ne a 30. Idan turke ɗaya ya ɓata, kada ka yarda da "ai daga wancan dutsen ne". Maƙwabci yakan tura turke, dillali kuma yakan nuna fulotin da ke bakin titi alhali lambar da ke takarda ta na can baya ce.

Bayan ciniki a rubuta yarjejeniya da shaidu, a nemi amincewar gwamna ta hannun ma'aikatar domin fayil ya koma sunanka. Mutane da yawa a nan suke tsayawa saboda gudun kashe kuɗi. Ranar da mai sayarwa ya rasu, magadansa suna da fayil, kai kana da 'yar takarda.

Takardar mai unguwa ko dagaci tana da amfani, domin shaida ce cewa an yi ciniki kuma an san mai wurin. Amma mai unguwa ba shi da taswirar titin da za a fitar nan da shekara 10. In filin awon igiya ne, je da safiyo hukumar tsara birni a duba ko ya faɗa kan hanya, sannan ka nemi a mayar da takardarka satifiket. Haka ma gado: in za a raba fuloti tsakanin magada, ke mai rabo ki tabbata an kai rabon ma'aikata an fitar miki da taki takardar, kuma kasonki yana da ƙofa zuwa layi.

Wuraren da ba a gini ko da an ba ka kyauta

Ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ƙa'ida ita ce a bar mita 5 da rabi kowane gefe ga layin 11 da na 33 kV (ma'aunin ƙarfin wutar da ke kan waya), mita 15 ga na 132, mita 25 ga na 330. Wuta mai ƙarfi tana tsallakowa ta kama rodi ko kwanon rufi ba sai an taɓa wayar ba.

Sai hanyar ruwa, wadda ita ce ta fi cin mutanen Kano. Kududdufan cikin gari ramuka ne da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina. Idan aka cike kududdufi da shara aka yi gida, ruwan Agusta ba ya fasa zuwa, ɗakin maƙwabta yake shiga. Ginin kansa ma a kan shara yake zaune, ƙasa tana lotsawa, bango yana tsagewa daga harsashi. Wanda ya ɗora shago a kan kwalbati kuma ya toshe wa unguwa guda maƙogwaro. 'Yan Kantin Kwari sun ga abin da ruwa ya yi wa dilolin atamfa a daminar 2022. In kana son sanin halin fili, je ka gan shi bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, kada ka je da rani kawai.

Badala, maƙabarta, filin makaranta da gefen titi su ma ba na sayarwa ba ne, ko wa ya sa hannu a takardar.

Izinin gini

Za ka kai wa KNUPDA takardar mallaka, taswirar safiyo, da zanen gini daga mai zane mai rajista. In bene ne, a haɗa da lissafin injiniya na rodi, ginshiƙai da dakin, wato rufin kankare. Ma'aikata za su zo su ga wurin, a yanka maka kuɗi, ka biya ta hanyar da gwamnati ta tsara, ba a hannun mutum ba. Zanen da aka buga wa hatimi a ajiye kwafinsa a wurin aiki.

A zanen za ka ga tazarar da aka ce ka bari gaba, baya da gefe. Ba asarar fili ba ce. Ta nan iska da haske suke shiga, ta nan ake yashe sokawe, kuma ita take hana gobara tsallakawa. Duba kuma nisan rijiya da shadda. Ma'aikatan lafiya suna son mita 30, fuloti mai ƙafa 50 a 50 kuwa ko'ina mita 15 ne kawai, don haka sai ka san inda shaddar maƙwabcinka take kafin ka haƙa rijiya.

Kuskure biyu sun fi yawa. Na farko, a sami izinin hawa ɗaya a ƙara biyu a kan harsashin da bai san da su ba. Na biyu, a fasa gidan zama a yi shaguna ko gidan biki ba tare da neman sauya amfanin fili ba.

Idan ka wayi gari ka ga jan fentin gargaɗin hukuma a bangonka, tsayar da magina nan take. Kada ka goge, kada ka ba wani kuɗi ya "kashe maganar". Kwashi takardunka da rasit ka je ofis da kanka. Gwamnati tana da ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, kamar titi ko asibiti, ta biya diyyar gini da bishiyoyi da amfanin gona. Wanda ya yi gini a kan hanya ba izini, in rusau ya zo, da wuya ya sami abin kamawa.

Aikin gida

Auna faɗin layinku da taku, ka rubuta adadin. Bi kwatar ƙofar gidanku ka ga inda take zubewa, ko inda ta toshe. Wanda yake da takardar fili ya kwafo lambar fayil ɗin a littafinsa, za mu karanta haruffan tare a darasi na gaba.